Jawabi Ga Manoma A Kan Burtuntuna Da Funfuna

 

Maganar da za mu yi yau a kan cutar amfanin gona ce. Fara da jan-baki da ɓera kowa ya san su, gama ana ganinsu da ido, in sun zo a kan tashi a kore su. Amma akwai waɗansu maɓarnata da ba a ganin zuwansu, sai dai a ga ɓarnarsu bayan sun gama. Mutum ya yi shuka, ya yi noman firi, ya yi maimai, ya yi huɗa, dawa ta fid da kai yana murna, sai ya tarar zangarniya ta cika da baƙin gari maimakon tsaba. Wani kuwa ya kai amfaninsa gida lafiya, bayan wata biyu ya buɗe rumbu ya ji wari, ya ga hatsi ya dunƙule ya yi kore. Da yawa su kan ce raɓa ce ta kawo, ko hazo, ko bakin mutane. Abin da ni ke so ku riƙe shi ne, waɗannan cututtuka suna da iri kamar yadda dawa ta ke da iri, suna kuma da hanyoyin da su ke bi su shigo. Wanda ya san hanyar, ya iya tare ta.

MENE NE SU?

Ko wannenku ya taɓa ganin tuwon da ya kwana uku a rufe, ya yi wani gashi-gashi fari ko kore a bisa. Shi mu ke kira funfuna. Kun kuma san naman kaza da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen icce da damina. To, funfuna da naman kaza da burtuntunar dawa da tsatsar da ke kama ganyen masara, duk dangi ɗaya ne. Abubuwa ne masu rai, suna ci, suna girma, suna haifuwa. Sai dai ba su da ganye, ba su iya yi wa kansu abinci da hasken rana yadda tsiro ya ke yi, saboda haka tilas su ci na wani. Jikinsu zare-zare ne, siriri kamar saƙar gizo-gizo, shi ke ratsa cikin tsiro yana shan ruwan jikinsa.

In abin nan ya ƙoshi sai ya yi iri. Baƙin garin nan da ke tashi in kun buga zangarniya mai burtuntuna, shi ne irin. Ko wace ƙwayar ƙura guda iri ce mai iya tsira. Ƙanƙantarta ta kai, in aka jera guda 100 ba za su kai faɗin ƙwayar gero ɗaya ba. Ba a ganin guda ɗaya sai da madubin likita, watau madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Ku duba fa yawan irin da ke cikin zangarniya ɗaya tak. Abin da su ke bukata su tsira kuwa shi ne laima da ɗumi. Don haka ne mutane su ke ɗora wa raɓa laifi. Raɓa tana taimakonsu kamar yadda ruwan sama ya ke taimakon ciyawa, amma inda babu irin ciyawa, ruwa ba ya tsirar da kome.

YADDA AKA GANE

Kada ku zaci mu kaɗai mu ke da wannan wahala. A ƙasar Turai alkama tana da tata burtuntuna, manomansu kuma sun daɗe suna cewa mugun hazo ne ke kawo ta. Sai wani mutumin Faransa, sunansa Tillet, ya ce bari ya gwada. Ya raba fili fangali-fangali. Ya ɗebi irin alkama mai tsabta, ya barbaɗa wa wani kashi baƙin garin, ya bar wani kashi yadda ya ke, ya shuka su kusa da juna. Rana ɗaya ta buge su, hazo ɗaya ya sauka musu. Da kaka ta yi, fangalin da aka barbaɗa wa baƙin gari ya cika da burtuntuna, na kusa da shi kuwa kaɗan ƙwarai ya kamu. Ya bayyana wa mutane wannan a shekarar 1755.

Bayansa, a shekarar 1807, wani masani mai suna Prevost ya sa baƙin garin a ruwa, ya duba da madubi, ya ga ko wace ƙwaya tana fid da ɗan tsiro. Ya kuma lura da cewa in ruwan ya taɓa tagulla, ba su tsira. Daga nan aka fara wanke iri da maganin tagulla kafin shuka. Asalin maganin irin da a ke sayarwa a kasuwanninmu ke nan, ko da ya ke na yanzu da waɗansu sinadarai dabam a ke yinsa.

Gwajin Tillet ba ya bukatar kuɗi. Wanda ke shakka a cikinku ya keɓe kunya biyu a gefen gonarsa bana. Ya shafa wa irin kunya ɗaya garin burtuntuna, ya bar ɗaya, ya jira kaka. Abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji.

HANYA TA FARI: IRI

Burtuntunar dawa iri-iri ce. Wadda ta fi yawa ita ce mai kama ƙwaya ɗai-ɗai, ta mai da ko wace ƙwaya ɗan buhu mai cike da baƙin gari. Ga yadda ta ke tafiya. Ran sussuka an haɗa zangarniya mai cuta da masu lafiya a masussuka ɗaya. Da aka buga, buhunan suka fashe, garin ya manne a jikin ƙwayoyi masu kyau. Ba wanda ya lura. Aka ɗebi iri daga nan aka ajiye. Da damina ta sauka aka shuka, dawa ta tsira, cutar ma ta tsira tare da ita, ta shige cikin ɗan tsiron tun bai ɓullo bisa ƙasa ba. Daga nan tana ciki tana bin kan tsiron sama, wata uku, wata huɗu, karan yana kore shar kamar sauran. Sai ran da dawa ta fid da kai ta bayyana. Watau burtuntunar da kuka gani bana, tun bara a masussuka aka ɗauko ta, da hannun mai gona kuma aka shuka ta.

Tun da ya ke haka ne, maganinta yana wuri biyu. Na fari, ku zaɓi iri tun dawa tana tsaye. Ku shiga gona kafin girbi, ku yanke zangarniyoyi masu cika, waɗanda babu mai cuta kusa da su, ku ɗaure su dami dabam, ku sussuke su dabam a kan tabarma mai tsabta. Kada irin shuka ya taɓa masussukar gayya. Zangarniya mai burtuntuna kuwa, ku yanke ta a hankali tun buhunan ba su fashe ba, ku sa a buhu ku fitar daga gona ku ƙone.

Na biyu, ku sa wa iri magani ran shuka. Akwai ƙananan ƙunshi na garin magani, kamar wanda a ke kira Apron Star, ƙunshi ɗaya na giram 10 ya kan isa kilo 4 na irin dawa ko gero. A zuba iri a ƙwarya ko gwangwani mai murfi, a yayyafa ɗan ruwa kaɗan, a zuba maganin, a girgiza har ko wace ƙwaya ta samu. Wannan burtuntuna mai bin iri, maganin nan yana kashe ta kusan duka. Kuɗinsa bai kai na dami ɗaya ba.

Amma fa ku ji wannan da kyau. Irin da aka sa wa magani guba ne. Ba a ci, ba a ba kaji, ba a ba dabba, ba a kai ragowarsa kasuwa. Ƙwaryar da aka gauraya shi ciki ba ta koma ɗakin girki. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci goro ko abinci. A shekarar 1971 an kai wa manoman ƙasar Iraƙi irin alkama da sha'ir wanda aka wanke da maganin zaiba. Irin ya iso a makare, lokacin shuka ya kusa wucewa. An rina shi ja don a gane, an kuma rubuta gargaɗi a jikin buhunan, amma da harsunan da manoman ba su iya karantawa ba. Suka wanke jan, suka zaci gubar ta fita, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can. An daina sa wa iri maganin zaiba, amma na yanzu ma ba abinci ba ne. Ku da kuka koyi karatu, ga wurin amfaninsa. Ku karanta abin da ke jikin ƙunshin kafin ku yage shi, ku kuma karanta wa maƙwabcin da bai iya ba.

HANYA TA BIYU: ƘASA DA ISKA

Akwai wata burtuntuna da ke mai da kan dawa dukansa dunƙulen baƙin gari. Ita irinta a cikin ƙasa ya ke kwana, ya jira shukar baɗi. Haka kuma cutar nan ta gero, wadda ganye ya kan yi fari-fari, ƙarƙashinsa ya yi gari kamar toka da safe, kan geron kuma ya fito da ƙananan ganyaye a tuje maimakon tsaba. Masana sun ce ita ba cikakkiyar funfuna ba ce, amma halinsu ɗaya. Irinta ya kan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. In kun ga irin wannan tsiro tun yana ƙarami, ku tuge shi ku fitar ku ƙone, gama ba zai ba ku kome ba, sai dai ya shafa wa na kusa da shi. Gonar da cutar ta yi yawa, ku hutar da ita daga wannan hatsi, ku sa gyaɗa ko wake ko auduga. Cutar gero ba ta cin wake, in ta rasa abincinta shekara da shekara sai ta ragu.

Waɗansu kuwa iska ce dokinsu. Burtuntunar gero ta haka ce, tana faɗa wa kan geron lokacin da ya ke fure, don haka maganin iri ba ya hana ta. Tsatsa ma haka, watau jan gari-garin nan da ke fitowa a ganyen masara da alkama, in ka shafa ya manne a yatsa. Don ku san saurinta, ga labari. A shekarar 1949 aka ga wata baƙuwar tsatsar masara a ƙasar Saliyo, asalinta daga ƙasashen Amurka. Kafin shekara biyu ta game ƙasar da a ke kira Ghana yanzu da kudancin Nijeriya, ta yi ɓarna ƙwarai, gama masararmu ba ta taɓa gamuwa da ita ba. A shekarar 1952 har ta kai Kenya. Ba wanda ya iya yi wa iska shinge. Abin da ya kawo sauƙi shi ne, a ko wace gona akwai tsiron da ya fi ɗan'uwansa jurewa. Manoma suka riƙa ɗiban iri daga waɗanda suka tsira, masana kuma suka shiga haɗa iri mai jurewa, har cutar ta lafa.

Wannan shi ne babban makami a kan cutar iska, watau iri mai jurewa. Aikin da a ke yi ke nan a Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922. Daga can ne irin dawa mai suna Samsorg da na masara Sammaz da na gyaɗa Samnut su ke fitowa. Geron nan Sosat da ya bazu a ƙasar Hausa da Barno, ɗaya daga cikin dalilan da ya sa aka yaɗa shi shi ne yana jure cutar geron da muka ambata. Ku tambayi malamin gona wane iri ne ya dace da ƙasarku. Ku kuma bar tazara tsakanin shuka, gama inda ganye ya cushe iska ba ta ratsawa, laima ta kan daɗe, cuta ta samu wurin zama.

HANYA TA UKU: RUMBU

Yanzu mun zo ga wadda ta fi duka hatsari. Burtuntuna tana rage yawan abinci ne kawai. Amma akwai wata funfuna mai launin kore da rawaya, tana kama gyaɗa da masara, tana zuba dafi a cikinsu. Sunan dafin afalatoksin. An gano shi ne bayan abin da ya faru a Ingila a shekarar 1960, sa'ad da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu cikin 'yan watanni. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka kawo musu daga Barazil ce ke ɗauke da dafin. Tun daga nan masu sayen gyaɗa a ƙasashen waje su ke auna ta kafin su karɓa, su mai da wadda dafinta ya yi yawa.

Dafin nan hanta ya ke ci. Wuta ba ta kashe shi, ko an dafa, ko an soya, ko an toya, yana nan. In ya yi yawa a abinci ya kan kashe mutum cikin kwanaki, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. A shekarar 2004, a gabashin Kenya, mutane sun ci masarar da suka noma da kansu, wadda aka ajiye da danshi. Mutum 317 suka kwanta, 125 suka mutu. In kuwa kaɗan-kaɗan a ke ci shekara da shekaru, ya kan kawo ciwon dajin hanta, balle ga wanda ke da ciwon hanta tun da fari. Likitoci sun kuma lura yaran da ke yawan cinsa ba su girma yadda ya kamata. Saniyar da aka ba irin wannan dusa, wani abu na dafin ya kan fita a nononta.

Ku duba abin da a kan yi a gidajenmu. An ɓare gyaɗa, an tsince masu kyau an kai kasuwa. Motsattsu da baƙaƙe da masu ɗaci kuwa, a ce asara ce a zubar, sai a yi ƙuli-ƙuli da su, ko a ba yara, ko a ba kaji. To, a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyi ne mafi yawan dafin ya ke taruwa, in an matse mai kuma, a cikin tunkuza ya fi zama. Watau mun sayar wa baƙo da lafiyayyen abinci, mun ba 'ya'yanmu mai cutar. Abin da aka tsince aka ga ya lalace, a haƙa rami a binne shi ko a ƙone. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Funfunar nan a cikin ƙasa ta ke zaune, tun a gona ta kan fara shiga. Ta fi samun hanya in ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa ta sha fari, ko fartanya ta fasa kwanso, ko tsutsa ta huda goyon masara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ku yi shuka da wuri, ku cire gyaɗa da zarar ta nuna, ku yi hankali da fartanya. In kun tuge, ku juya ta 'ya'yan suna duban rana, kada ku tara ta tsibi da danshi. Masara da gyaɗa ku shanya su a kan tabarma ko tamfol ko daɓe, kada a kan ƙasa tsura, in hadari ya taso ku kwashe.

Ta yaya za ku san amfani ya bushe? Gyaɗa, in kun girgiza kwanso ku ji tana kaɗawa a ciki. Masara, in kun ciza ta fashe ƙas, ba ta lotsa ba. Ga kuma wata dabara. Ku sami kwalba busasshiya, ku zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku, ku ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ku toshe, ku girgiza sosai, ku ajiye kaɗan, ku sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a koma shanya. In bai manne ba, a kai rumbu.

Rumbun kansa, ku share shi tas kafin sabon amfani ya shiga, ku liƙe tsaga, ku gyara jinka kada ta yi yoyo. Kada ku zuba sabo a kan ragowar tsoho. Buhuna kuwa a ɗora su bisa katako ko duwatsu, kada su taɓa ƙasa, kada su jingina da bango.

Har wa yau akwai wani taimako da cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Ibadan ta fitar, sunansa Aflasafe. Masana sun lura cewa a cikin dangin funfunar nan akwai waɗanda ba su da dafi ko kaɗan, a ƙasarmu kuma aka samo su. Sai aka shafa su a jikin gasasshiyar dawa wadda ba ta tsira, aka rina ta shuɗi. Manomi ya watsa kilo 4 a eka ɗaya, sati 2 ko 3 kafin amfani ya yi fure. Marasa dafin su riga masu dafin kama wuri, su hana su sakat. Inda aka yi haka daidai, dafin ya kan ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Amma wannan bai ɗauke muku shanya da tsinta ba.

ABIN DA ZA KU TAFI DA SHI

Kun ga duk maganin nan da muka lissafa, kafin a ga cutar a ke yinsa. Ran da kuka ga baƙin gari a zangarniya, na bana ya riga ya wuce, sai dai ku ceci na baɗi. Ran da kuka ji wari a rumbu, dafi ya riga ya shiga, ba kuma abin da zai fitar da shi. Mafi yawan aikin kuwa ba na kuɗi ba ne, na lura ne. Da kaka a zaɓi iri, a shanya amfani har ya bushe, a tsince mugu. Da rani a gyara rumbu, a ƙone karan da ya yi cuta. Da bazara a nemi iri mai jurewa da ƙunshin magani tun ruwa bai sauka ba. Da damina a riƙa zaga gona ana tuge marasa lafiya.

Abu ɗaya ya rage. Ƙurar nan ba ta san iyakar gona ba. In kai ka ƙone taka burtuntuna, maƙwabcinka ya bar tasa, iska da masussuka za su komo maka da ita. Don haka in kun koma gida, ku karanta wa mutanen unguwarku wannan takarda a dandali, ku gaya wa matanku zancen gyaɗar ƙuli-ƙuli, gama a hannunsu tsintar ta ke. Ku shirya da mai unguwa a sa rana ɗaya kafin girbi, kowa ya shiga gonarsa ya fid da zangarniyoyi masu cuta, a tara su waje ɗaya a cinna musu wuta.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Ku sauka lafiya.